Waiwaye: Bolar da Ke Zagaya Duniya a Sararin Samaniya

Parabol ɗin da ke kan rufin gidajen Maradi ba ya motsi, domin tauraron ɗan'adam da yake fuskanta yana can kilomita kusan 36,000 a sama, yana tafiya daidai da juyin ƙasa. Can, idan tauraro ya tsufa, da ragowar mansa ake ɗaga shi wajen kilomita 300 zuwa layin da ake kira maƙabarta. Matsalar tarkace tana ƙasa da can, tsakanin kilomita 700 da 1,000 a sama, inda iska ta yi ƙarancin da tarkace kan shekara ɗari ko fiye ba su faɗo ba.

Tarin ya faro tun harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a 1957. Vanguard 1 na Amurka, na 1958, har yau yana can. A 1978 Donald Kessler na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya yi gargaɗin cewa karo ɗaya zai haifi gutsattsari, su kuma su jawo wani karon. A 2007 Sin ta tarwatsa tauraronta Fengyun-1C da makami mai linzami, ta bar gutsattsari sama da 3,000. A Fabrairun 2009 tauraron Iridium 33 ya yi taho-mu-gama da mataccen Kosmos 2251 na Rasha a saman Siberiya.

Kowane guntu yana gudun kilomita 7 zuwa 8 a daƙiƙa, wato Maradi zuwa Yamai ba ta kai minti biyu ba. A wannan gudu ƙusa ma ta isa ta kashe tauraro, ga shi na'urorin ƙasa da ƙyar suke ganin abin da bai kai santimita 10 ba. Tsince ƙananan ba zai yiwu ba. Dabarar ita ce a cire manyan tun ba su fashe ba, kamar tauraron Envisat na Turai mai tan 8, da ya mutu a 2012.

Kamun ne wuya. Gangar roka, wato ɓangaren da ake bari a sama bayan harbi, tana wulwulawa, ba ta da mariƙi, ragowar mai da batir na iya fashewa. Wani tauraron gwaji mai suna RemoveDEBRIS ya gwada kamu da raga a 2018, mashi a 2019. Kamfanin Astroscale na Japan ya gwada maganaɗisu a 2021, amma a kan abin da ya tafi da shi da kansa. A 2024 kumbonsa ADRAS-J ya matso har mita 15 kusa da wata gangar roka mai tan 3, ya ɗauki hotuna, bai taɓa ta ba.

Ga kuma doka. A yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, tarkace suna ƙarƙashin ikon ƙasar da ta yi rajistarsu ne, ba mai taɓa su sai da izininta, kuma mafi yawan manyan na Rasha ne da Amurka da Sin.