Dokar Ƙwaya a Wasanni: Ba Duk Wanda Aka Dakatar Ba Ne Ya Sha Wani Abu

Duk lokacin da aka ce an dakatar da wani ɗan wasan Najeriya, magana biyu ce ke yawo a majalisun Agege da Idi-Araba da zaurukan WhatsApp. Wasu su ce ai dama ɗan ƙwaya ne, wasu su ce Turawa ne ke mana hassada. Masu faɗin haka yawanci ba su san abin da dokar ta ƙunsa ba, kuma jita-jitar ta fara sa iyaye na hana yaransu zuwa atisaye filin wasa na Surulere.

Dokar ta WADA ce, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, wadda aka kafa a 1999, kundinta kuma ya fara aiki a 2004. Ta hau kan ɗan wasa, da kocinsa, da likitansa.

Ginshiƙinta shi ne: abin da aka samu a fitsarinka ko jininka, kai ke da alhakinsa. "Ban sani ba" ba ta wanke mutum, sai dai ta rage masa hukunci. Idan da gangan ne, dakatarwar shekara 4 ce. Idan ba da gangan ba, yawanci 2, ana iya ragewa. Nan ne nake jin tsoro ga yaranmu. Tun 1 ga Janairun 2024 tiramadol ya shiga jerin abin da aka haramta a lokacin gasa, kuma kowa ya san yadda ake miƙa shi a kemis kamar alewa. Wasu magungunan mura ma na iya jawo matsala, haka jiƙon da ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Mai ciwon da dole sai ya sha haramtaccen magani, akwai takardar izini da ake nema ta hannun likita, kuma tun kafin gasa ake nemanta.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne na bayyana inda kake. Manyan 'yan wasa da ke cikin jerin waɗanda ake sa wa ido dole su rubuta inda za su kwana, su kuma ware awa ɗaya a kowace rana da mai gwaji zai same su a wurin da suka ambata, ba tare da sanarwa ba. A ce ɗan wasa ya rubuta cewa ƙarfe shida zuwa bakwai na safe yana gida a Agege, sai aka yi rasuwa ya kama hanyar Kano cikin dare bai sauya bayanin ba. Mai gwaji ya zo ya ƙwanƙwasa, babu kowa: an rubuta masa ɗaya. Idan suka kai uku cikin wata 12, laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa har shekara 2, ko da ba a taɓa samun komai a jininsa ba. Dalilin tsaurin shi ne akwai sinadaran da ke fita daga jiki cikin kwanaki kaɗan, mai maguɗi zai iya ɓuya har su wanke.

Wannan ce tuhumar da aka yi wa Tobi Amusan a Yulin 2023, shekara guda bayan ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a gudun tsallake shinge. Ba a ce an kama ta da ƙwaya ba. Kwamitin ladabtarwa ya wanke ta a watan Agusta, kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta tabbatar da haka a 2024. Amma har yau akwai masu cewa "ai an kama ta", kuma wannan ƙazafi ne.

Batun 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare daban ne. An samu haramtattun sinadarai a jikinta, aka cire ta ana tsakiyar gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Shekara 10 aka fara yanke mata, rabi saboda sinadaran, rabi saboda ƙin ba masu bincike haɗin kai, daga baya aka ƙara ɗaya.

Masu zancen hassada kuma su tuna zinaren gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 4×400 a gasar Olamfik ta Sydney a 2000. Amurka aka ƙwace wa, bayan ɗan tserenta Antonio Pettigrew ya amsa laifin amfani da haramtattun sinadarai, aka ba Najeriya a 2012. Sunday Bada, ɗaya daga cikin 'yan tseren Najeriya a gudun, ya rasu a 2011 bai riƙe lambar a hannunsa ba.

Inda dokar ta ƙi kwanta mini shi ne abin da ya faru a Tokyo ɗin nan, lokacin da aka hana 'yan Najeriya 10 shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin da ake buƙata ba kafin su je. Shirya gwajin ba aikinsu ba ne, na shugabanni ne. Su ne suka yi shekaru suna zubar da gumi, su ne kuma aka bari a tsaye suna kallon wasu na gudu.