Taskar Zane da Sassaƙa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Taskar zane da sassaƙa ta Jami'ar Ahmadu Bello tarin ayyukan fasaha ne da ke hannun Sashen Zane-zane a harabar Samaru, Zariya. Ta ƙunshi zanen fenti, da zanen da ake bugawa daga katako ko ƙarfe, da sassaƙa ta siminti da ƙarfe da itace. Wasu ayyukan suna zauren nuni da ɗakunan aiki, wasu kuma suna tsaye a lambun sassaƙa da sauran filayen jami'a. Mafi yawansu ayyukan ɗalibai ne da malamansu, saboda haka taskar ta zama shaidar yadda aka koyar da fasahar zamani a Nijeriya.

Tarihi

Sashen ya girmi jami'ar kanta. An fara koyar da zane a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya a 1953, aka dawo da shi Zariya a 1955, sannan ya shiga cikin jami'ar da aka buɗe a watan Oktoba na 1962. A farkon zamani yawancin malamai Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta can ce, amma akwai Clara Ugbodaga-Ngu, 'yar Nijeriya da ta koyar a sashen tun daga 1955.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Fasaha ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Daga cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Ba su ƙi ilimin da Turawa suka kawo ba. Abin da suka ƙi shi ne a ce mai zane ɗan Nijeriya ya watsar da gadon gidansu kafin a yarda ya ƙware. Sun yi kira da a haɗa dabarun aji da fasahar gargajiya, sai Uche Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na gargajiya na ƙasar Ibo, Onobrakpeya kuma ya ɗebo daga tatsuniyoyin ƙabilarsa ta Urhobo. Wasunsu sun yi aiki a baje kolin bikin samun 'yancin kai a Legas a 1960. Ƙungiyar ta watse a 1961 da jagororinta suka kammala karatu, amma tasirinta ya bazu zuwa jami'ar Nsukka da kwalejin Yaba ta Legas da sauran makarantu.

Nune-nune da jawaban masu zane

Babban nuni a sashe irin wannan shi ne na ɗaliban ajin ƙarshe. Ɗalibi yakan rataye zanensa ko ya kafa sassaƙarsa, malamai da mai jarrabawa daga wata jami'a su duba su ba da maki, daga nan a buɗe wa jama'a ƙofa. Ɗaliban digiri na biyu kuwa sukan haɗa nunin da rubutaccen bayani, su kuma kare shi a gaban kwamiti. Wannan tsari shi ne ya bambanta zauren jami'a da na 'yan kasuwa, domin a nan ana rataye aiki ne don a tattauna shi, ba don a yi cinikinsa ba.

Jawabin mai zane ma darasi ne. Yakan tsaya kusa da aikinsa ya bayyana abin da ya sa ya zaɓi wannan launi ko wancan ƙarfe, ɗalibai su yi masa tambayoyi, wani lokaci har muhawara ta kaure. Gani Odutokun, malami a sashen wanda aka haifa a Gana a 1946, ya yi fice wajen raya wannan al'ada ta nazari. Ya shahara da kwarara fenti mai ruwa a kan ƙyalle ya bar shi ya nemi hanyarsa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa mujallar fasaha ta The Eye. Ya rasu a hatsarin mota a 1995 a hanyarsa ta dawowa daga wani nuni a Legas. Jerry Buhari, ɗan jihar Kaduna da aka haifa a 1959, yana cikin malaman da suka ci gaba da wannan aiki.

Alaƙa da gari da batun adana

Zazzau tana da nata gadon zane tun kafin zuwan kwalejin. Zayyanar bangon gidaje, da adon ƙofar fadar Sarki, da aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na ƙarni na 19, da ɗinkin babbar riga, duk abin nazari ne ga ɗalibai, shi ya sa dagi da hawan sallah da dawakai suke yawan fitowa a ayyukansu. Domin jawo mutanen birni da Tudun Wada da Sabon Gari zuwa kallon nuni, ya kamata a riƙa gabatar da wasu jawaban da Hausa, a kuma gayyato 'yan makarantun sakandare.

Adana ayyukan yana buƙatar kulawa ta musamman. Ƙurar hunturu tana dusashe launi, zafin bazara yana fasa fenti, laimar damina tana kawo fumfuna ga takarda, gara kuma tana cin katako. Sassaƙar siminti da ke waje takan tsage idan ƙarfen cikinta ya yi tsatsa. Maganin farko shi ne a yi wa kowane aiki rajista da sunan mai shi da shekara da hoto, sannan a samar da ma'aji mai iska wanda ba ya yoyo.