Waiwaye: Yadda ma'aikatan jiragen yaƙi suka kwanta a maƙabartun ƙauyukan Turai

Poivres ƙaramin ƙauye ne a lardin Aube da ke arewa maso gabashin Faransa, mutanensa ba su kai 300 ba. A harabar cocinsu, dab da kaburburan iyaye da kakannin 'yan garin, akwai fararen duwatsu sama da 30 a jere, tsayinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Waɗanda ke kwance ƙarƙashinsu ba 'yan Poivres ba ne, ba ma Faransawa ba ne. Samari ne daga Birtaniya da ƙasashen renonta, kuma akasarinsu dare ɗaya ne ya ci su. Irin wannan jeri akwai shi a ɗaruruwan ƙauyuka, daga Faransa da Beljiyam zuwa Holan da Danmak: wani wuri dutse bakwai, wani wuri biyu, wani wuri guda ɗaya tal a bayan coci. Me ya sa ba a mai da su gida ba, kuma me ya sa ba a kwashe su zuwa manyan maƙabartun soja ba?

A fara da daren da ya cika harabar Poivres. Ranar 3 ga Mayu 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saura wata ɗaya sojojin ƙawance su sauka a gaɓar Normandy, rundunar saman Birtaniya ta tashi jiragen jefa bam na Lancaster 346 zuwa barikin Mailly-le-Camp da ke kusa da Poivres, inda Jamusawa ke horar da sojojin tankoki. Farin wata tar. Wani kwamanda mai suna Leonard Cheshire da mutanensa suka sauko ƙasa-ƙasa suka zuba wutar alama a kan barikin kamar yadda aka tsara. Sai rediyon jagoran da zai ba da umarnin sakin bama-bamai ya ƙi isar da magana. Jiragen suka yi ta kewaya wuri ɗaya suna jira, ga kaya a ciki, ga haske, har jiragen Jamus masu farautar dare suka iso suka same su a tare. An ragargaza barikin, amma Lancaster 42 ba su koma gida ba, mutum sama da 250 suka mutu. Kafin wannan dare, hukuma na ƙirga hari kan Faransa a matsayin sulusin fita ɗaya cikin fita 30 da ake bin kowane ma'aikaci, wai don ba shi da haɗari kamar shiga Jamus. Bayan Mailly aka daina wannan lissafi.

Da gari ya waye, tarkacen jirage ne warwatse a gonakin lardunan Aube da Marne. Babu wata hukuma ta Birtaniya a wurin, ƙasar tana hannun Jamus. Manoma ne da magajin gari da limamin coci suka tattara abin da aka samu, kafinta ya haɗa akwatuna, aka haƙa a maƙabartar gari. Haka abin ya kasance a kusan ko'ina cikin ƙasashen da aka mamaye. Fitowa jana'izar sojan ƙawance ko ajiye furanni a kabarinsa ba abin da Jamusawa ke so ba ne, mutane kuma suna fita, don ita ce hanyar da ta rage musu ta nuna inda zuciyarsu take. A farkon yaƙin sojan saman Jamus kan binne abokan gabansu da girmamawar soja. Da ruwan bama-bamai ya tsananta a biranensu, wannan ladabi ya yi ta raguwa, har ta kai wasu da suka sauka da rai cikin Jamus taron mutane ne suka kashe su, kamar yadda aka yi wa Amurkawa shida a Rüsselsheim a Agustan 1944.

Yawan ganin bakwai-bakwai ba banza ba ne. Mutum bakwai ke cikin Lancaster: matuƙi, injiniya, mai duba hanya, mai saita bam, mai rediyo, da masu bindiga biyu, ɗaya a gadon bayan jirgin, ɗaya can a wutsiya shi kaɗai cikin sanyi. Ƙofar tsira da ke ƙasan hancin jirgin ƙarama ce, mutum da kayan sanyi da laimar sauka a ƙirji da ƙyar yake ratsawa, balle cikin duhu jirgi yana ci da wuta yana juyawa. Shi ya sa idan Lancaster ya faɗi, galibi da kowa yake tafiya. Cikin mutum kusan 125,000 da suka yi aikin tashi a rundunar jefa bama-bamai ta Birtaniya, 55,573 sun mutu. Kusan 10,000 daga cikinsu 'yan Kanada ne. Dukkansu da kansu suka nemi aikin, kuma mafi yawansu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

Batun barin su a inda suka faɗi kuwa ya girmi wannan yaƙi. Tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya wani Bature mai suna Fabian Ware, wanda ya je Faransa da ƙungiyar agaji ta Red Cross, ya lura ana binne sojoji ba wanda ke rubuta inda suke. Aikin rajistar da ya fara shi ne ya haifi hukumar kula da kaburburan yaƙi a 1917, wadda tun 1960 ake kira da sunan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Ta kafa ƙa'idoji masu tsauri. Ba za a mai da gawa gida ba, domin idan aka buɗe wannan ƙofa masu kuɗi ne kaɗai za su iya, talaka ya rage a waje. Kowa dutse iri ɗaya, janar da kurtu. Kowa da sunansa, ko a kan kabari, ko a jikin bango idan ba a same shi ba. Iyaye da yawa sun yi kuka da wannan hukunci, har majalisar dokokin Birtaniya ta yi muhawara a kansa a 1920, amma ya tsaya. Faransa ita ma tun Disamban 1915 ta yi doka ta ba da filayen kaburburan sojojin ƙawance har abada. Amurka ta bi wata hanya dabam: bayan Yaƙi na Biyu ta ba iyalai zaɓi, fiye da rabi suka ce a kawo musu nasu gida, sauran aka tara su a manyan maƙabartu irin ta Margraten a Holan. Shi ya sa da wuya ka ga kabarin matuƙin Amurka a bayan cocin ƙauye.

Da aka gama yaƙi a 1945, ma'aikatan sama kusan 42,000 ne ba a san inda suke ba. Rundunar saman ta kafa sashen neman ɓatattu, jami'ansa suka bi Turai ƙauye-ƙauye suna tambayar magajin gari, da mai haƙar kabari, da manomin da jirgi ya faɗa gonarsa. Aiki ne mai nauyi a zuciya. Sukan tone kabari su duba haƙora, ko lambar wanki a wuyan riga, ko zoben da aka zana wa suna, ko su haƙo injin jirgi daga cikin laka don karanta lambarsa, daga nan su gane ko su wane ne a ciki. Sun gano fiye da rabi. Waɗanda ba a samu ba, sama da 20,000, sunayensu na jikin bangon Runnymede kusa da Landan, wanda aka buɗe a 1953.

A nan hanya ta rabu biyu. Waɗanda suka faɗi a cikin Jamus an kwashe su daga ƙauyuka da birane an tara su a wasu manyan wurare, irin su Rheinberg, da Durnbach a kudu, da dajin Reichswald kusa da Kleve, inda akwai kabari sama da 7,500, kusan 4,000 na ma'aikatan sama. Waɗanda suka faɗi a ƙasashen da aka 'yanta kuwa, da dama an bar su inda mutanen gari suka sa su. A ganina wannan hukunci ya yi daidai. Mutanen da suka ɗauki gawar baƙo a kafaɗa lokacin da yin hakan kan iya jawo musu fitina sun sami haƙƙi a kanta, kuma kabarin da ke kan hanyar da ake bi kullum zuwa coci ya fi samun mai kula fiye da wanda sai an yi tafiyar yini.

Wanda ya tsaya kusa da irin wannan jeri zai ga abin da ba ya fitowa a hoto. Wani wurin duwatsun a manne suke da juna, ba tazara. Ma'anarsa an san su wane ne, amma ba a iya raba wannan da wancan ba, sai aka haɗa su kabari ɗaya. A saman dutse tambarin runduna ne, ko ganyen nan na Kanada, sai lamba da muƙami da suna da aikin da mutum yake yi cikin jirgi, sai rana da shekaru. Can ƙasa 'yan kalmomi ne da iyali suka zaɓa. Inda ba a gane mutum ba, an rubuta cewa ma'aikacin sama ne na yaƙin 1939 zuwa 1945, Allah ne ya san shi.

Shahara ma ba ta sauya komai ba. Guy Gibson, wanda ya jagoranci harin madatsun ruwan Jamus a Mayun 1943 ya kuma sami lambar yabo mafi girma ta Birtaniya, ya faɗi da jirgin Mosquito a Steenbergen ta Holan daren 19 ga Satumba 1944, yana da shekara 26. Shi da mai duba masa hanya, Jim Warwick, akwati ɗaya aka sa su, kuma alamar wanki a jikin safa ce ta nuna Gibson na ciki. Har yau suna maƙabartar Katolika ta garin, dutsensu irin na kowa, garin kuma ya sa wa tituna sunayensu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Waɗannan samari bama-bamai suka ɗauko, kuma ba bariki kaɗai suka faɗa wa ba. Mutum wajen 40,000 suka mutu a Hamburg cikin Yulin 1943, wajen 25,000 a Dresden cikin Fabrairun 1945, yawancinsu farar hula. Faransawa da Holandawa da yawa ma sun mutu da bam ɗin waɗanda suka zo 'yanta su. Birtaniya kanta ta daɗe tana kawar da kai daga wannan runduna, sai a 2012 aka buɗe mata wurin tunawa a Green Park da ke Landan. Ban ga dalilin share wannan ɓangare ba, ban kuma ga dalilin ɗora shi duka a kan yaro ɗan shekara 20 da ke zaune a wutsiyar jirgi ba, alhali waɗanda suka zaɓi biranen suna ofis. Mutanen ƙauyukan da suka yi binnewar sun san duk wannan fiye da mu, wasunsu sun binne nasu a mako guda, amma ba su fasa ba. Jikokinsu ne yau ke fita tunawa da mamatan yaƙi ranar 8 ga Mayu a Faransa, da 4 ga Mayu a Holan, inda a wurare da yawa yara ke kunna kyandir a kan kowane kabari daren jajibirin Kirsimeti.

Akwai wani zare da ya iso har Afirka ta Yamma. A Maris 1943 wani jirgin Stirling mai lamba BK716 ya faɗa ruwa a Holan, wurin da yau ake kira tafkin Markermeer, yana dawowa daga Berlin. Sai a 2020 gwamnatin Holan ta tsamo shi, aka binne mutanensa bakwai a maƙabartar Jonkerbos a Satumban 2022, danginsu na tsaye. Jirgin na runduna ta 218 ne, wadda ke ɗauke da sunan Gold Coast, wato Ghana ta yau. To, gwamnan wannan Gold Coast ɗin ne a 1923 ya shaida wa hukumar kaburbura cewa mutanen ƙasar ba za su fahimci amfanin dutsen kabari ba. Wani kwamiti da hukumar ta naɗa da kanta ya fitar da rahoto a Afrilun 2021, ya tabbatar cewa bayan Yaƙi na Ɗaya mutum 45,000 zuwa 54,000 ba a tuna da su daidai da sauran ba, kuma aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, akasarinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Da yawansu 'yan dako ne da suka mutu a Gabashin Afirka, fagen da sojojin Najeriya ma suka yi yaƙi. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa.

Ƙa'idar Fabian Ware mai kyau ce, ita ce ta sa bayan shekara 80 ake iya zuwa Poivres a karanta sunan kowane yaro da shekarunsa. Takaicin shi ne waɗanda suka kafa ta sun tsai da ita a bakin tekun Turai. Hukumar, wadda ke kula da sunayen mutum miliyan 1.7 a wurare 23,000, yanzu tana bin tsofaffin takardun mulkin mallaka tana neman waɗanda aka tsallake, kuma a Janairun 2025 ta buɗe wurin tunawa a Cape Town mai ɗauke da sunayen leburorin soja sama da 1,700 na Afirka ta Kudu.