Shekara uku ba ita ke ba da lisansin shari'a ba

A Tawa wata dattijuwa ta tare ni da tambaya: "Ɗana, ƙanenka shekararsa huɗu ke nan yana karatun shari'a, ina takardar? Ba ce mana aka yi shekara uku ba?" Na ce, "Inna, jami'a ba shekaru take ƙirgawa ba, kiredi take ƙirgawa." Ta dube ni kamar na ce yaron ya ci bashin banki.

Jami'o'inmu, daga ta Abdou Moumouni a Yamai har ta Djibo Hamani a Tawa, inda ake karatun shari'a a sashen shari'a, tattalin arziki da gudanarwa (FADEG), suna bin tsarin LMD: lisansi, masta, dakta. Ƙasashen UEMOA sun amince da shi tun 2007. Lisansi, wato digirin farko, zango shida ne, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Kiredi kuwa ma'auni ne na yawan aiki, wato zaman aji, TD (atisaye a ƙananan rukuni tare da malami) da karatun gida. Wanda ya tara 180 ya gama. Wanda ke da 176 bai gama ba, ko da ya fi kowa daɗewa a amfi, babban ɗakin lacca.

Yaya ake samun kiredin? Ana ɗaure darussa dami-dami, kowane dami sunansa UE. Idan matsakaicin makin ɗalibi a cikin UE ya kai 10 bisa 20, kiredin wannan dami duka sun zama nasa. A nan rangwamen yake, domin darasi na iya ɗaukar ɗan'uwansa. A ce UE guda tana da darussa biyu masu nauyi ɗaya, yarinya ta ci 8 a dokar iyali, ta ci 13 a ɗayan. An haɗa an raba, 10,5. Ta tsallake. Amma idan mai 8 ɗin ya fi nauyi, lissafi ya sake, 13 na iya kasa cetonta. Shi ya sa nake ganin ɗalibin da bai san nauyin darussansa tun farkon zango ba, a duhu yake noma.

Abin da aka riga aka ci ba ya zubewa. UE ɗin da ta shiga aljihu ta shiga ke nan, wadda aka faɗi ita kaɗai ake komawa wa, da farko a jarrabawa ta biyu da ɗalibai ke kira ratirafaj. In ba a dace ba, ta zama bashi. Bashin nan shi ne ciwon ƙanen namu: darasi ɗaya na shekara ta biyu yake ta binsa, ya ci duk na shekara ta uku, amma takarda ba ta fita sai an biya.

Maki 10 sakamako ne na "ya wuce". Daga 12 ake fara samun yabo, sai 14, sai 16. Kada a raina wannan bambanci, domin wurin neman gurbin masta ana duba shi.

Jarrabawar ma ba hadda ba ce zalla. Ana ba ka matsala, misali rigimar haya ko ta gado, ka warware ta da doka. Ko a aje maka hukuncin kotu ka yi sharhinsa cikin tsari mai kashi biyu. Da yawa sun san darasi, tsarin amsar ne ke kayar da su.

Inna ta ce, "To in ya biya bashin, ya zama lauya?" A'a. Masta zango huɗu ce, kiredi 120, a ƙarshe a rubuta kundin bincike a kare shi gaban malamai. Dokar UEMOA ta 2014 kan aikin lauya ta nemi masta ta biyu, wato cikakkiyar masta, a fannin shari'a wadda CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun jami'o'i, ta amince da ita, ko metiris, digirin tsohon tsari, sannan takardar CAPA ta shaidar cancantar aikin lauya, sannan shekara uku ta koyon aiki a ofishin wani lauya. Mai son alƙalanci kuma sai ya ci gasar shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a, EFJN.

Ta yi shiru tana lissafi da yatsu. Can ta ce in kira mata shi a waya, tana so ta ji daga bakinsa kiredi nawa suka rage.