Kalmar "sanyi" da cututtukan da take ɓoyewa

Da wuya a kunna rediyo yanzu, ko a ratsa tasha inda mai magani ya ɗora lasifika a kan motarsa, ba a ji an ambaci sanyi ba: sanyin mara, sanyin maraina, sanyin da ya daɗe a jiki. A da, idan aka ce namiji yana da ciwon sanyi, cuta guda ake nufi, wato wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, mai sa zafin fitsari da fitar mugunya, wadda likitoci ke kira gonoriya. Yau kuwa kalmar ta zama buhun da ake zuba kowane ciwon mara a ciki, har da tsargiya, wadda daga ruwan kududdufi ake ɗaukarta, kuma maganinta daban ne.

Abin da ya fi damuna shi ne cututtukan da ba a cika gani ba, masu cin jiki a hankali, domin su ne wannan kalma ta fi binnewa. Mutane da yawa ba su san cewa tarin fuka yana kama ƙoda da mafitsara da maraina ba. Ƙwayar cutar takan bi jini daga huhu ta sauka a ƙoda, ta kwanta shekaru, sannan ta farka a lokacin da mai ita ko tari ba ya yi. Sai ya riƙa tashi fitsari sau da yawa cikin dare, wani lokaci da jini, ko ya shafa ya ji wani ƙullutu mai tauri a bayan ɗan marainansa wanda ba ya ciwo sosai. Idan an gwada fitsarin, a ga mugunya, amma gwajin da aka saba yi ba ya nuna ƙwayar cuta, saboda ita wannan ƙwaya sai an neme ta da gangan, galibi a fitsarin farko na asuba, kwana 3 a jere.

A nan ne sunan yake yin ɓarna. Wanda aka gaya wa cewa sanyi ne yakan nufi kemis ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin, wanda yake ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka ba tare da ya kashe ta duka ba, sai ya sami sauƙi na makonni, ya ƙara yarda cewa sanyi ne mai tafiya ya dawo. Akwai ma wata cuta da ta fi wannan ƙaranci, malakoplakia, wadda wasu masu bincike biyu, Michaelis da Gutmann, suka bayyana a 1902, mai fitar da tabo masu laushi a mafitsara har a zaci sankara ce, kuma sai an ɗebi tsoka an duba ake gane ta.

Tarin fuka na hanyar fitsari yana warkewa da magungunan da ake ba mai tarin huhu, na tsawon wata 6, kuma kyauta ake bayar da su a cibiyoyin tarin fuka na Najeriya. Sai dai magani ba ya goge tabon da ya riga ya zauna. Mafitsarar da ta ƙanƙance ba ta komawa girmanta, bututun maniyyin da ya toshe kuwa yana iya hana mutum haihuwa bayan cutar ta warke.