Saita madubin bindigar iska

Saita madubi shi ne daidaita gicciyen da ke cikin madubin hangen nesa da inda dalma take sauka a wata tazara da maharbi ya zaɓa. A bindigar iska aikin ya fi na bindigar albarushi wuyar sha'ani, domin dalmarta, ko mai faɗin milimita 4.5 ko mai 5.5, ba ta da nauyi kuma ba ta da gudu sosai, sai ta fara sunkuyawa tun ba a je ko'ina ba.

Madubin yana da mamurɗa biyu. Na sama yana ɗaga masaukin dalma ko ya sauke shi, na gefen dama yana kai shi hagu ko dama. Kowace murɗa tana yin ƙara ƙas, kuma a yawancin madubai ƙas ɗaya rubu'in MOA ne (MOA ma'aunin kusurwa ne), wato yana gusar da masaukin dalma kimanin milimita 7 a mita 100. Nan sababbin hannu kan ruɗe: a mita 25 ƙas ɗin bai kai milimita 2 ba. Idan dalma ta sauka santimita 2 ƙasa da tsakiya, sai an murɗa kusan sau 11. Wanda ya murɗa uku ya ga shiru yakan ɗauka madubin ne ya lalace.

Kafin a taɓa mamurɗan, ana duban farin bango ta madubin, a juya zoben da ke wajen ido har gicciyen ya fito tar. Sannan a ɗora bindiga kan jakar yashi, a fara daga mita 10, a harba uku zuwa biyar a wuri guda. Tsakiyar ramukan ake bi. Bin kowane rami da murɗa ɓarnar dalma ce kawai.

Madubi yana zaune santimita 4 zuwa 5 bisa bututun bindiga, saboda haka dalma tana ratsa layin gani sau biyu: tana hawa, da kuma tana gangarowa. Bindigar da aka saita a wajen mita 30 takan sake dacewa kusa da mita 12 zuwa 15, tsakaninsu kuma ta ɗan yi sama. Wannan ya fi fitowa a bindigogi marasa ƙarfi sosai, kamar a Ingila, inda doka ta tsayar da ƙarfin doguwar bindigar iskar da ba ta buƙatar lasisi a kusan jul 16 (jul ma'aunin ƙarfi ne), da Jamus, inda iyakar jul 7.5 ce.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa idan ido ya goce daga tsakiya, gicciye ya yi kamar yana yawo a kan abin hari. Madubin bindigar albarushi yawanci an gyara shi ne don kuskuren ya ɓace a yadi 100; na bindigar iska kuwa sau da yawa yana da zobe ko faifai a gefe da ake juyawa a kawar da kuskuren, har zuwa nisan yadi 10. 'Yan gasar harbin fili, wadda ta samo asali a Birtaniya farkon shekarun 1980, da faifan nan suke auna nisa, su manna masa takarda mai alamun yadi.

Bindiga mai sifirin ita ce mai cin madubi. Tana zabura baya sannan gaba, girgizar da kan kwance ƙusoshi, ta ja madubin baya kaɗan-kaɗan a kan layin da aka ɗaure shi. Shi ya sa ake sa mariƙi mai ƙusar tsayarwa, kuma duk lokacin da aka sauya irin dalma sai an sake gwaji daga farko.