Gift (kalma a harsunan Turai)

Gift kalma ce da ake samu da rubutu iri ɗaya a Ingilishi, Jamusanci, Holanci da harsunan Sikandinabiya, amma ma'anarta ta rabu gida uku: kyauta, guba da aure. Dukkansu sun tsiro ne daga saiwa ɗaya ta tsohon harshen da ya haifi waɗannan harsuna, wadda ke nufin bayarwa, kuma ita ce ta samar da aikatau give a Ingilishi da geben a Jamusanci.

A Ingilishin yau kalmar suna ce mai nufin kyauta ko baiwa, jam'inta gifts. A tsohon Ingilishi kuwa sadaki take nufi, wato abin da miji ke bayarwa don ya auri mace, kuma ana ganin ma'anar kyauta ta shigo ne wajen ƙarni na 13 daga harshen mutanen Sikandinabiya da suka zauna a Ingila.

Jamusanci ne ya fi karkata da ita. Da farko jinsinta tamata ne, ma'anarta kyauta, sai masu ilimin magani suka riƙa fassara kalmar Girkanci dosis da ita, wadda ita ma asalinta "abin da aka bayar" ne, wato awon maganin da ake ba majiyyaci. Daga nan aka shiga sakaya zance da ita idan an ɗura wa mutum abin da zai halaka shi, har ma'anar guba ta danne ta farko. Nahawu ma ya bi sawu: das Gift, guba, ta koma jinsi na uku, wanda ba namiji ba ne ba kuma tamata ba, yayin da tsohon jinsin ya tsira a die Mitgift, kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji.

Holanci ya riƙe biyun, de gift don gudummawa, het gif don guba. A Suwidanci, ett gift guba ce da aka aro daga Jamusanci, amma hon är gift na nufin "tana da aure", domin sifa ce daga aikatau gifta, aurarwa. Masanin zamantakewa ɗan ƙasar Faransa, Marcel Mauss, ya yi wa wannan haɗuwa ta kyauta da guba gajeriyar maƙala a 1924.